Tsohuwar Koriya Mai Bakin Asiya

Ba a san Asiya da kallon tele ba. Mace ce da ta haura sittin, mai saurin fushi, bakinta ba ya jiran a gama magana. A ganinta, duk babban da zai zauna ya zuba ma akwati ido yana kuka don wahalar mutanen da ba su ma san akwai Gidan Sori a duniya ba, to aikin yi ne ya rasa. Ta sha faɗin haka a bakin rijiya, kuma ba a hankali ba.

Shi ya sa ranar da ta shigo gidan Maimuna bayan la'asar riƙe da ƴar kujerarta, matan suka dubi juna.

Inusa mijin Maimuna ne ya dawo daga Libiya da tele da panno na hasken rana. Duk ran kasuwar Gidan Rumji sai ya kawo ɗan kati mai kashi biyar na wani wasan Koriya da aka juya da Hausa. Matan unguwa kan taru a rumfar tsakar gida, kowa da wakenta na ɓara, a kalli kashi ɗaya kafin bateri ya mutu. Labarin wata tsohuwa ce mai sayar da kifi a kasuwa, da ɗanta da ya bar gida ya zama babban mutum a birni. Sunayensu sun ƙi zama a bakin kowa, sai ake ce mata Mai Kifi, shi kuma Mai Kwat. Mutum ɗaya ne ke yin muryoyinsu duka, maza da mata, yana kiran kanshi Baki Bakwai.

Asalin abin, aron rariya Asiya ta zo yi kwana ɗaya kafin nan. Tana cikin zaure sai ta ji ana cewa, "Wash! Bayana, bayana, kamar an daka ni ga turmi!" Ta tsaya cak. Ai ita ce ke faɗin haka duk safiya in za ta miƙe, har da ɗan tarin da ke biyo baya. Ta leƙa, sai ta ga a cikin akwatin wata tsohuwa fara mai ƙananan idanu dafe da kwankwaso, tana magana da bakinta. Ta koma gida babu rariya.

Mutum ɗaya ne a duniya ya iya kwaikwayonta haka. Ridwanu, ɗanta na fari.

Tun yana ƙarami shi ke nan aikinshi. Ya yi liman, ya yi mai gari, ya yi akuya tana haihuwa, ya yi uwarshi tana faɗa da masu kaji. Mutane na dariya, ita tana jin kamar ta nutse don kunya. Shekarar da ubanshi ya rasu, ana tsakiyar maimai, noma na biyu, ciyawa ta kusa shaƙe hatsi, yaron ya ajiye hauya ya ce zai tafi Maraɗi wurin masu sa ma fim murya. Asiya ta fito har waje, gaban jama'a, ta ce ita ba ta haifi ɗan kama ba. Ta ce, "In ka ƙetare dangag ga, kada ka sake ce mani Inna." Ya ƙetare. Shekara tara ke nan, kuma yaron da bai taɓa jin magana ba, wannan ɗaya dai ya ji ta.

To kuma ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunanshi ba, haka aka tashe ta, haka uwarta ta yi. "Yaron nan" take ce mashi, in an yabe shi ta kau da kai, in an tambayi labarinshi ta shiga wata magana. Yanzu ta yaya za ta buɗe baki cikin mata ta ce muryar nan ta wane ce? Ko da wuƙa a wuya ba za ta iya ba. Sai ta ɗauki kujera ta zo ta zauna, kullum, a gefen randa.

Su kuwa matan, kallo rabi ne, sharhi rabi. Maimuna na son Mai Kwat, ta ce ya iya tsayuwa, ya iya kallon mutum, kuma in ya yi shiru har cikin ciki kake jin shi. Batulu, maƙwabciyar Asiya mai sayar da ƙuli-ƙuli, ba ta ga abin so ba.

"Namiji da fuska sumul kamar amarya? Ko gemu guda babu! Kuma bai iya kuka ba. Dibi, hawaye na zuba, hanci a bushe. Wa ya taɓa kukan gaske hanci a bushe?"

"Ke dai ba ki son shi ne," in ji Maimuna.

"Mi zan so? Mutum ya ci tuwo da tsinke biyu, ya bar uwa tai cikin ƙarnin kihi!"

Asiya kuwa ba fuskar take kallo ba. Wani lokaci ma rufe ido take yi. In Mai Kwat ya yi dariya, dariyar yaron nan ce, wadda ke farawa ta hanci. Ta lura muryar ta yi kauri, ta lura ranar da mura ta kama shi a kashi na ashirin da uku, har ta kwana biyu tana tunanin ko akwai mai dafa mashi citta.

Ana nan, aka kai kashi na arba'in, inda aka koma baya aka nuna ranar da Mai Kwat ya bar gida. Ga shi tsaye da jaka a bakin wata ƙofar ƙarfe, ga uwar tana huci. Sai Mai Kifi ta buɗe baki ta ce, "Ni ban haihi ɗan kama ba. In ka ƙetare dangag ga, kada ka sake ce mani Inna." Bakin matar ya riga ya rufe, maganar tana ci gaba.

Batulu ta yi tsaki. "Wace danga? Gidan siminti ne hwa! Wanga mai fassara ƙari yake yi." Ta watsa wake cikin ƙwarya. "Amma in dai haka ta ce, to ni na sauya. Laihin uwar ne. Uwa da baki kamar garwashi! Ai ita ta kore shi. Allah shi ƙara mata, ta mutu cikin kihinta."

"Amin," in ji wasu biyu.

Batulu na wurin shekara tara da suka wuce, da kunnenta ta ji. Ta manta ƙaf. Abin da ya cinye ran Asiya shekara tara, a wurin maƙwabciyarta ko wuri bai samu ba. Asiya ta ji zafin wannan, ta ji zafin amin ɗin, amma abin da ya fi ƙona ta shi ne yaron bai zubar da kalma ko ɗaya ba. Yadda ta faɗa, haka ya ajiye, har inda muryarta ta karye.

"Wataƙila ta yi nadama," ta ce a hankali. Maganarta ta farko ke nan a rumfar.

"Nadama? Ta bi shi mana! Ƙafa gare ta."

Mako uku bayan haka aka zo kashi na hamsin da biyar. Mai Kifi na kwance asibiti, Mai Kwat ya zo har bakin ƙofa, ya ɗora hannu a kan marfin, sai aka yanke. Matan suka yi ihu. Sannan Baki Bakwai ya fito da muryarshi ta gaske, kamar yadda ya saba a ƙarshen kowane kati, ya ce, "To masu kallo, ku ba mu ra'ayinku. Shi shiga, ko kada shi shiga? Wa ke da laihi? Ga nimeron wayarmu nan, ku aiko saƙon murya, za mu sa kowa ya ji."

Asiya ta ji tambayar ta sauka a ƙirjinta. Ba ta yi shakka ba ko kaɗan, da ita yake. Yaron ne tsaye a bakin ƙofa yana tambaya.

Washegari da hantsi, da ta tabbata Batulu ta tafi niƙa, ta sami Maimuna tana shara. "Ɗiyata, salularki na aika irin saƙon nan?"

Maimuna ta yi dariya har ta saki tsintsiya. "Iya Asiya! Ke da kika ce aikin banza ne?"

"Danna mani kawai."

Maimuna ta danna, ta kara mata a baki. Asiya ta buɗe baki, sunan ya taho har maƙogwaro ya tsaya. Kai, ko "ɗana" ta kasa, ga Maimuna tsaye tana kallonta. Sai ta bi ta hanyar da ta rage mata.

"Ka gaya ma yaron nan Mai Kwat shi shiga," ta ce. "Uwar ta janye maganatta. Baki ne ya yi zahi, ba zuciya ba. Dangar ma ta hwaɗi tun bara waccan, ba a ɗaga ta ba. Ɗakinshi na nan, ba a zuba komi ciki ba. Shi shiga, shi kira ta yadda ya saba. Iyakar maganata ke nan."

"Ba ki faɗi sunanki da garinku ba, Iya."

"Bar shi haka."

Makon nan Asiya ta share ɗakin sau uku. Ta kori kajin da suka mayar da ƙofarshi wurin kwana, ta shanya tabarma, ta ware wake mai kyau mudu biyu, don yana son shi da mai da yaji. Duk ƙarar moto da ta ji daga hanyar Gidan Rumji sai ta sami dalilin fitowa waje. Ta san a ranta saƙon bai ma isa a saurare shi ba tukuna, amma ƙafafunta ba su san haka ba.

Ran kasuwa Inusa ya kawo kati. Rumfa ta cika har da waɗanda ba su saba zuwa ba. Aka fara da saƙonni. Wani daga Gazawa ya ce Mai Kwat shi shiga don Allah, uwa uwa ce. Wata daga Agye ta ce ita budurwar Mai Kwat ce ta ishe ta, kullum suma, kullum suma, a cire ta. Wani malamin lakol, makarantar boko, ya yi dogon bayani cewa tsohuwar ta fi kowa iya wasa, don hannunta ma magana yake yi. Sai ga muryar Asiya, ƙarara.

Kafin ta kai ƙarshe rumfar ta kece da dariya. Batulu har da riƙe ciki. "Ɗakinshi na nan! Asiya, ke kika share mashi? Wayyo ni, tsufa!"

Asiya ba ta ji su ba. Ta kafe akwatin da ido. Aka yi ɗan shiru a ciki, shirun da bai kai a haɗiye miyau ba. Sannan ya yi dariyar nan tashi mai farawa ta hanci.

"Allah sarki. Wannan wata tsohuwa ce daga Gidan Sori. Hajiya, mun gode da ra'ayi. Amma wasa ne, kin ji? An gama shi tun shekarun baya, abin da an ka hwaɗa an riga an hwaɗa, ba mai sauya shi yanzu. Ki dai ci gaba da kallo. Saƙo na gaba."

Hajiya. Ita da ko birnin Yamai ba ta taɓa zuwa ba, balle hajji.

"An faɗi garinmu a tele!" in ji wata, aka yi guɗa. Maimuna kaɗai ce ba ta yi ba. Ta juyo da goshi a tattare. "Iya, to ƙaƙa ya san garinmu? Ni na riƙe salular, ba ki faɗa ba."

"Ku yi shiru, an fara," in ji Batulu.

Da a ce bai gane ta ba, da Asiya ta samu abin riƙewa. Da ta ce salula ce ta ɓata murya, da ta sake aikawa. Amma ya gane. Ya ji dangar, ya ji ɗakin, ya ji duk abin da ta kasa faɗa, ya auna, sannan ya ce "wata tsohuwa". Baƙin ciki ya cika mata baki har ta ji ɗacinshi a harshe.

A cikin akwati, Mai Kwat ya tura ƙofa ya shiga. Ya durƙusa a gaban gadon, ya kama hannun tsohuwar.

"Inna," ya ce.

Shekara tara ba ta ji kalmar nan daga bakinshi ba. Leɓunanta suka buɗe da kansu za su amsa. Amma an riga ta. Mai Kifi ta ɗago kai ta ce, "Na'am, yaron nan. Ka zo?" da muryar Asiya, har da ɗan tarin. Shi ya kira, shi ya amsa ma kanshi. Ya ɗauki abin da yake bukata nata tun tuni, sauran bai da amfani da shi.

Maimuna na share hawaye da bakin zane. Batulu ta ja majina ta ce, "To, yau kam ya iya kuka. Amma tsohuwar ce gwana. Wallahi kamar uwar gaske."

Da bateri ya mutu kowa ta kwashi ƙwaryarta. Asiya ta miƙe da ƙyar, bayanta ya amsa, ta buɗe baki za ta ce wash, sai ta haɗiye. Ta bar kujerar a gefen randa.

"Iya, kujerarki," in ji Maimuna.

"Bar ta nan. Saura kashi huɗu."