Kabarin da Na Nuna wa Lucy

Sunana Baƙo. Gadi nake yi yanzu a rukunin gidajen da aka gina a kan gonata, a bayan Kuje. Kada ku tambaye ni yadda aka yi, raina ɓaci yake yi.

Lokacin da aka fara gina Abuja, wasu Yahudawa daga kudu suka zauna a unguwarmu, gida tara kacal, kafintoci da magina. Ran Asabar ko wuta ba sa hurawa. Da suka yi rashi suka rasa inda za su binne nasu, sai na ba su gefen gonata. Mutum bakwai suka kwantar a nan. Ba su da halin yin gini a kai, amma a al'adarsu duk wanda ya zo ziyara yakan ɗora ƙaramin dutse, har kowane kabari ya tara tsibinsa. Da aiki ya ƙare suka watse, suka bar mini amana.

Wata damina na kwanta jinya, ƙanena ya karɓi noman. Manomin kirki ba ya ganin dutse a gona ya wuce. Ya tsince su tas, ya zuba a rafi, ya ta da kunyar doya, har ya zo yana jiran godiya. Daga baya katafila ta ƙarasa aikin, aka malala siminti.

Wata Alhamis a 2008, da hantsi, sai ga tsohuwa a bakin ƙofa tana dogara sanda. Lucy ce, matar Alexander kafinta, na uku da aka binne.

"Baba Baƙo, ka tsufa o," in ji ta. "Doctor ya ce lokaci na ya kusa. Nuna mini wurin oga na, in sa mishi dutse."

Kwana guda ta yi a mota. Da wane baki zan gaya wa baƙuwa na ɓatar da mijinta? Kunya ta rufe ni. Na kai ta gindin tankin ruwa, na daure na ce, "Nan ne, Mama."

Ta durƙusa, ta kwance bakin zaninta ta ciro wani jan dutse ta ajiye. Ta yi addu'a da harshen da ban sani ba, sannan ta shiga ba shi labarin 'ya'yansu, wanda ya yi aure, da kuma wadda ta rasu. Ta yi kuka mai isarta, ta gode mini har sau uku, ta tafi tasha. Ban karɓi lambarta ba, don ƙosawa na yi ta tafi.

Washegari dutsen ba ya gindin tanki. A tsakiyar wurin ajiye motoci na same shi. Na ce aikin yara ne, na mayar. Da azahar, rana ƙwal, babu kowa a harabar, na juya zan rufe ƙofa, sai na ji wata 'yar ƙara kamar ana jan cokali a kan siminti. Ko da na waiga, dutsen ya koma tsakiyar wurin motocin.

Na je na auna. Taki goma sha ɗaya ne daga tankin, daidai bayan inda ta durƙusa. Ashe duk labarin nan da kukan nan, fili marar kowa ta yi wa, mijinta kuwa yana kwance yana kallon bayanta.