Gilashin da Inna Tsahara ta wanke

Har yau in na ji warin toka da ruwan zafi sai raina ya ɓaci. Wallahi.

Ina karatun ilimin taurari a Faransa aka aiko Baba ba lafiya, na taho Illela da aikina cikin akwati. Aikin nan faifan gilashi ne guda, hoton wani ɗan gungun taurari, wanda malamina ya ara mini bayan roƙo kamar na yunwa. Ba shi da na biyu a duniya. A jikinsa kowane tauraro ɗigo ne baƙi, ni kuwa ƙirga su nake da madubin ƙara girma. Taurarin gungun ba su da nauyin da zai riƙe juna. In na samu ɗigo har can gefe, to akwai wani abu mai nauyi da ido ba ya gani, shi ke riƙe da su. Digirina kenan gaba ɗaya.

Ana jibi Sallah na raka Baba likita Konni. Na ce wa ƙanena Mutari kada kowa ya shiga ɗakina. Shashasha! Yana jin kiɗan dambe ya tsere.

Da la'asar muka dawo, tsakar gida duk kwanoni an kife suna shan rana. Tsakaninsu, jingine da turmi, ga gilashina yana ƙyalli, fes, ba ɗigo ko ɗaya.

Inna Tsahara, yayar Baba, wadda ta goye ni bayan rasuwar uwata, ta taso tana share hannu da zane.

"Ɗan nan, ƙazantarka ta yi yawa," ta ce. "Kashin ƙuda duk ya cinye shi. Sai da na jiƙa shi da ruwan zafi, na sa toka na dirje. Dubi yatsuna."

Na duba. Gefen gilashin ya yanke ta wuri biyu.

Kai! Na so in yi ihu har garin Badaguishiri a ji. Amma wa zan yi wa? Baba na tsaye yana kallona, matan gida sun zuba mini ido, ita kuma tana murmushi tana jira.

Na durƙusa.

"Sannu da aiki, Inna."

"Yauwa," ta ce. "In akwai wasu ka kawo, tokar ba ta ƙare ba."