Waƙar da Ke Kan Dutsen Niƙa

Abigail ta zo Nukkai da wayarta, ta ce sai ta ɗauki muryar kakarta Keziah tana rera waƙar gidansu, wadda ke jero sunayen kakanni tun daga Lau. Tsohuwa ta gyara zama a kujera, ta kawo suna biyu, sai waƙa ta tsaya cak.

"Kaka, ko dai tsufa ya cinye ta?" in ji Abigail.

Keziah ta harare ta. "Tsufan wa? Jeki bayan ɗaki ki mirgino min dutsen niƙa."

Tun zuwan inji aka yar da dutsen, har kaji sun mai da shi wurin shan ruwa. Aka wanke shi, aka zuba dawa. Keziah ta durƙusa, ta tura ɗan dutse gaba, ta jawo baya, kamar yadda ta koya a gefen uwarta. Kafin gari ya fara zuba, waƙa ta ɓalle, suna na bin suna, har da kakan da ya tsallako Binuwai da kwalekwale.

Ta share gumi, ta dubi jikarta.

"Ajiye wayar nan ki durƙusa. Wannan waƙa ba ta zuwa wa mai zaman kujera."