Fatawar Direbobin Tan-Tan

Lahsen ya ɗauko ciwo a hanyar Dakhla ya kai wa matarsa, yana ganin bai karya rantsuwarsa ba.

Direban motar kifi ne a Agadir. Ranar da aka tabbatar matarsa Rkiya na da ciki, bayan shekara goma sha ɗaya suna jira, ya dafa Alƙur'ani ba zai ƙara kwanciya da wata mace ba. Wata biyu ya riƙe.

A rumfar shayi ta garin Tan-Tan, inda direbobi ke tsayawa cin abincin rana, abokinsa Mbarek ya tasa shi gaba.

"Si Lahsen, an zama liman ke nan? Mutuniyar bayan gareji tana cigiyarka."

"Na yi rantsuwa."

"A kan kwanciya ka rantse. Ta yi maka da baki mana. Ba zina, ba ciwo. Ƙanjamau ta ƙasa yake shiga, kowa ya sani."

"Wane malamin ya ba ka wannan fatawa?"

"Shekara ashirin a titin nan. Dube ni, ko mura."

Lahsen ya shanye shayinsa ya zagaya bayan gareji.

Bayan sati uku wani ƙurji ya fito masa a gaba, ba zafi ba ƙaiƙayi. Ya riƙa goga masa farin dutsen nan da wanzami ke shafa wa mutum bayan aski. Ƙurjin ya ɓace. Ya yaba wa dutse, ya ci gaba da kwana da matarsa.

A wata na bakwai cikin ya daina motsi. A asibiti likita ta sa aka ɗebi jininsu duka biyu, sannan ta kira shi shi kaɗai.

"Ba ƙanjamau ba ne. Shi ba kasafai yake bi ta baki ba. Tunjere ne, shi kuwa baki ya ishe shi."

"Ni ban kwana da kowa ba, likita."

"Ban tambaye ka ba, Si Lahsen. Ka taɓa ganin ƙurji?"

"Ya warke."

"Ɓuya ya yi. Da ka zo a lokacin, allura ce kawai."

Aka yi musu allurar, shi da Rkiya, suka warke sarai. Yaron namiji ne, bai zo da rai ba. Lahsen da hannunsa ya sa shi a ƙasa, ba a ko raɗa masa suna ba. Rkiya tana da shekara arba'in da ɗaya a lokacin, kuma ba ta sake samun ciki ba.