Azahar Babu Ruku'u

Kabbara huɗu Falalou ya yi a tsaye, ya yi sallama. Babu ruku'u, babu sujada. Sai da ya juyo ya ga sahun leburorin unguwar Hajara sun zuba masa ido, sannan ya gane sallar gawa ya ja musu a madadin Azahar.

Shekara shida ke nan duk baƙon da ya mutu a nan garin Sabha ba shi da kowa, Falalou ake kira. Shi zai wanke, shi zai sallata, shi zai buga waya gida ya faɗa. Har ta kai can gida Damagaram in an ga lambarsa sai a bar ta ta yi ta ƙara. Mahaifiyarsa ma sai ta tattara ƙarfin hali take ɗauka. Wannan yana cin ransa, amma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Da aka sake sallar, tsoho Chékaraou mai gadi ya ja shi gefe.

"Ɗana, kawo wayar nan."

"Baba, in aka kira fa? Wa zai wanke su?"

"Habou da Bachirou sun sha riƙe maka buta, sun iya. Wankan gawa farillar jama'a ce. Wa ya ce maka sunanka jama'a?"

"Tsoro nake a bar wani a yashe."

"Kai ma ai a yashe kake. Icen da ake dafa wa kowa da shi, toka yake komawa."

Falalou ya miƙa wayar kamar wanda ake karɓe wa ɗa.

Kwana uku ya yi a wata gonar dabino a ƙauyen Samnu, wurin abokin tsohon. Babu wanda ya neme shi. Abin ya yi masa zafi fiye da yadda ya zata. Ya yi barci, ya ja ruwa, ya daɗe a sujada har yashi ya manne masa a goshi.

Ranar Juma'a ya ari wayar mai gonar ya kira gida. Ƙara ɗaya aka ɗauka.

"Salamu alaikum, wa ke magana?" Muryar mahaifiyarsa ce sakayau, har da sauran dariya. Rabon da ya ji ta haka ya manta.

"Inna, ni ne."

Dariyar ta ɗauke.

"Ɗan wa kuma?"

"Ba kowa, Inna. Naki ne, yana gaishe ki."