Ranar Lahadi Ba a Kwasar Shara

Goggo Kuo tana kwance rub da ciki a baranda, ta zura hannu bayan injin wanki da guntun naman kaza, tana lallashi kamar mai biko.

"Haba Mantou, fito mana. Ka rufa mini asiri yau kaɗai."

Mantou bai fito ba. Hancinsa kawai ake gani, shi ma rawa yake yi. Baƙin kare ne mai karyayyen kunne, wanda ƙungiyar ceton karnuka ta tsinto a bayan kasuwa ta ba Goggo riƙo kafin a samo masa gida. Tsoro kuwa ba a magana. Yana tsoron tsintsiya, yana tsoron lema, ranar da ya yi atishawa ma sai da ya arce.

Ga shi Baba Chien, mai gidan da take haya, wanda ke zaune a hawan ƙasa, ya ce ɗan haya ba ya ajiye kare a gidansa, ya ba ta zuwa ƙarshen mako. In ba a samu mai ɗauka yau ba, gobe za a mayar da Mantou kejin ƙungiya a bayan gari, cikin karnuka masu haushi ba dare ba rana. Goggo ta san wurin, ta kuma san ba zai kai labari a can ba.

Abu ɗaya ne ke fito da shi: motar shara. Da yamma in rawayar motar ta shigo layi tana busa kiɗanta, kowa ya sauko da ledarsa, sai ka ga Mantou ya fito jela a sama, ya sauka ya tsaya cikin ƙafafun jama'a kamar shi ma yana da abin zubarwa. Motar na wucewa zai koma maɓoyarsa. Shi ya sa da wani Wen da matarsa suka ga hotonsa suka ce suna so, Goggo ta ce su zo daidai lokacin motar, tana ta yabon dabararta. Sai da ta farka yau ta tuna Lahadi ce. Mace ta tsufa a Taipei, amma ta manta ba a kwasar shara ranar Lahadi.

Baƙin sun iso da sabuwar igiyar wuya mai ƙararrawa. Ta ba su shayi da yankakkiyar gwaba.

"Ina yake, Goggo?" in ji matar.

"Yana shiri."

Da shirin ya ƙi ƙarewa, ta kai su baranda. Matar ta durƙusa ta siranta murya. "Zo nan ɗan lele, zo wurin mama." Hancin da ake gani ma ya ɓace.

Wen ya leƙa, ya sake leƙawa. "Goggo, tsakani da Allah, akwai kare a nan?"

Dole ta faɗa musu gaskiya. Wen ya yi dariya, ya nemo kiɗan motar a wayarsa ya kunna. Shiru. Mantou ya san ba a taɓa zuba shara a cikin waya ba. Nan Goggo ta tuna da lasifikar marigayi mijinta, wadda yake tallan gasasshen dankali da ita. Ta zaro ta daga saman kabad, ta kara wayar a bakinta, ta juya ta wajen titi don sautin ya zo daga inda ya saba zuwa, ta ƙure murya.

Sai aka fara jin ƙofofi. Sai silifa a matakala, fat-fat-fat. Kafin Goggo ta gane abin da ta aikata, layin gaba ɗaya ya sauko. Ga wata mata da rabin rini a kai, ga wani da kumfar sabulu a kunne, ga mai aski da wanda yake yi wa askin, kowa da shuɗiyar ledarsa da bokitin ragowar abinci. Babu wanda ya tsaya tambayar wace rana ce. A layin nan ƙafa ke fara jin kiɗan kafin kai.

Mantou kuwa ya fito, ya bi ta tsakanin ƙafafun matar Wen ko kallonta bai yi ba, ya sauka. Goggo ta danƙa wa Wen lasifikar. "Riƙe, ɗana, kada ka bari kiɗan ya tsaya." Ta bi bayan Mantou.

A titi mutane suna ta waige-waige.

"Ina motar?"

"Tana can kwanar layi, ba ka ji ba?"

"Wai yau ba Lahadi ba ce?"

"In Lahadi ce me ka fito yi da bokiti?"

Can mai rini ta ɗaga kai ta hango Wen a baranda, cikin farar riga, yana rungume da lasifika. Abin da aka faɗa masa daga ƙasa ba zai maimaitu ba. Matarsa ta sauko da igiyar tana kaɗa ƙararrawa, ta nufi Mantou da hannu biyu a buɗe. Ya goce, ya ratsa taron, ya je ya zauna daram a kan silifar Baba Chien.

Baba Chien yana tsaye da singileti, leda a hannu, idonsa a ƙarshen layi. Bai sunkuya ba.

"Madam Kuo, wannan wane irin shashanci ne? Na bar miya a wuta. Ki ɗauke mini abin nan daga ƙafa."

"Baba, ba ya ɗaukuwa. Ina taɓa shi zai gudu."

Sai a lokacin ta lura. Kullum da yamma nan Mantou ke zama. Duk layin, Baba Chien ne kaɗai bai taɓa kallonsa ba, bai taɓa miƙa masa hannu ba, balle ya siranta masa murya.

Wen ya sauko fuska ja wur. Suka ce za su yi shawara su kira, matar tana cusa igiyar a jaka. Goggo ta san irin wannan kiran. Jama'a suka koma sama da shararsu suna tsaki, ita kuwa ta zauna a bakin matakala, baƙin ciki ya cika ta, ta fara share hawaye da hannun riga.

"Ka kwantar da hankalinka, Baba. Gobe za su zo su tafi da shi."

"Ina?"

"Keji."

"Motar shara tana zuwa can?"

"Ba ta zuwa."

Tsohon ya daɗe yana kallon inda motar da ba ta zo ba ya kamata ta ɓullo.

"Kullum a ƙafar nan mai ciwo yake zama," ya ce. "Ko kunya ba ya ji. Sai dai yana da ɗumi." Ya gyara riƙon ledarsa. "Me yake ci?"

"Ai kai ka ce ba a ajiye kare a gidan nan."

"Cewa na yi ɗan haya ba ya ajiyewa. Na yi miki kama da ɗan haya?"

Ya zare ƙafarsa ya juya yana ɗingishi. Mantou ya bi shi ciki, babu wanda ya kalli wani.

Washegari da motar gaske ta zo, rabin layin sai da suka leƙa ta taga tukuna. Goggo ta sauko da ledarta. Ga Mantou a kan silifa, jela a sama. Sunansa ya zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye, ta tsaya kusa da Baba Chien ta zuba wa motar ido kamar ba ta taɓa sanin wani kare ba. Can sai ta ji jela tana bugun idon sawunta a hankali. Ba ta duba ba.