Motar da Ta Kashe wa Latifa Ido

Kailu ya cusa kansa ƙarƙashin murfin injin, gefen kan Haske, har hularsa ta faɗa kan batir.

"Baba Kailu, ɗan ja baya, kana tare mini haske," in ji mai gyaran.

"Sunanka Haske kuma kana roƙon haske. Ka ga abin ko ba ka gani ba?"

Haske ya ci gaba da aikinsa. Shi ne mai gyaran wutar mota a garejin bayan tasha, kuma ya san ba a jan magana da mutumin da matarsa ta yi yaji.

Motar dai kowa a Filinge ya san ta. Ja ce, mai kujera biyu, gajera kamar an zauna a kanta. An ce wani Bature ne ya zo da ita don ya ƙetare sahara, sahara ta ƙi, ya sayar da ita a Yamai, ta yi ta bin hannuwa har ta faɗo wa Kailu shekarar da ya ajiye tuƙin motar asibiti. Abin da ya sace masa zuciya fitilunta ne. Ba a fili suke ba irin na sauran motoci. Kwance suke cikin goshinta a rufe, sai an murɗa makunni su ɗago a hankali kamar mai tashi daga barci, in an kashe su koma su lumshe.

To, fitilar daman ce ta ja masa. A hanyar kasuwa akwai tudun nan da aka yi don masu gudu, wanda ake ce wa jandarma kwance, kuma daidai gindinsa Latifa ke suyar awara. Latifa bazawara ce, mai fara'a da yawan dariya. Duk lokacin da Kailu ya hau tudun, ko da rana tsaka ne, ko bai taɓa komai ba, sai fitilar dama ta ɗago ta koma. Ta hagu ko motsi. Mota dai ta kashe wa Latifa ido, babu wani suna da za a ba abin.

Yara suka fara tafi. 'Yan fadar shayi suka raɗa wa Kailu suna angon awara. Ita kuwa Latifa, maimakon ta ji haushi, sai ta ƙara kwalli. Gogan naka ya ce zai gyara, ya yi ta zai gyara, har maganar ta iske matarsa Asabe a gidan suna, a bakin mata, ana yi ana shewa. Ta dawo gida ta tuƙa masa tuwo, ta rufe da faifai, ta ɗaure kayanta, ta tafi ƙauyen uwarta a hanyar Abala. Mace mai jikoki fa.

Tun daga ranar Kailu bai ƙara jin daɗin komai ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, don da safen nan yayan Asabe, Ɗanjimma, ya kira shi ya ce gobe za ta wuce Yamai wurin 'yarsu, kuma ba ta yi zancen dawowa ba. In yana da abin faɗi, ya taho yau kafin la'asar. Shi ya sa ya ce ba zai je biko da mota mai kashe ido ba, sai an gyara ta.

Haske ya zare fis, ɗan abin nan da wuta ke bi ta cikinsa, ya ɗaga shi sama, lafiyarsa lau. Ya musanya ɗan akwatin da ke ba fitilar dama wuta da na hagu, ko cutar za ta sauya ido, ba ta sauya ba. Ya ce wa Kailu ya hau gaban motar ya yi tsalle. Dattijo guda ya naɗe riga ya hau yana tsalle, masu faci suna leƙowa, kuma kowane tsalle sai fitilar ta ɗago ta kashe wa Haske ido.

"Ni ma ga shi tana so na," in ji Haske.

"Haske, ba ranar wasa ba ce."

Sai mai gyaran ya nuna masa wani ɗan marfi baƙi mai zagaye a bayan fitilar. "Ka ga wannan? In injin fitilar ya mutu, da shi ake ɗaga ta da hannu. Murɗawa ake yi, da sauƙi amma da nawa. Sai dai ka zare fis tukuna, in ba haka ba ta farka ta kama maka yatsa."

Ya murɗa har fitilar ta miƙe, ya zura hannu ƙarƙashinta, ya fito da ɓawon gyaɗa cikin tafi. Ya sake zurawa ya jawo wata waya da aka gwaguye mata riga, jan ƙarfenta a waje.

"Ga angon awara nan, Baba. Ɓera ne. In ka hau tudu, wannan ta taɓa 'yar uwarta, injin ya zaci an kira shi, ya tashi ya ga ba kowa, ya koma."

Ya yanke guntun da ya lalace ya jefar, ya haɗa sabo, ya naɗe da baƙar roba. Kailu ya sake hawa ya yi tsalle har hakinsa ya fito, fitila ko gezau. Don murna bai ma damu da akuyar mai faci ba, wadda ta ɗauki guntun wayar tana taunawa a gefe.

Hanyar ƙauyen ba a yi ta don irin wannan mota ba. Cikinta ya yi ta sharar yashi, ta kafe a wani kwari sai da wasu makiyaya suka bar shanunsu suka tura, suna tambayarsa ko ragowar motar na tafe a baya. Duk da haka ya isa da sauran rana.

Tun daga nesa ya cire takalma. Surukarsa Tanne na zaune gindin rumbu, tsohuwa ƙarama mai kaifin ido, wadda har gobe ita ake kira in iskoki sun kama wani a yankin. Kailu ya durƙusa can gefe, ya gaishe ta idonsa a ƙasa, ta amsa tana kallon wani wuri, yadda ya kamata. Ɗanjimma ya zauna kan turmi. Asabe na bakin ɗaki tana tsince wake, kamar ba da ita ake ba.

"To, muna jin ka," in ji Ɗanjimma.

Kailu ya kwashe bayani tsaf, tun daga tudun har ɓawon gyaɗa.

"Ɓera," in ji Ɗanjimma.

"Ɓera, Yaya."

"Ina wayar da ya ci?"

Nan Kailu ya tuna abin da ya gani da wutsiyar ido a gareji. "Akuya ta cinye."

Ɗanjimma ya gyaɗa kai a hankali. "Ɓera ya fara, akuya ta ƙarasa. Allah ya sa dai kura ba ta cinye akuyar ba. To ba komai, ga mota ga fili. Ka ce tudu ne ke sa ta, ba hannunka ba. Hau tudu mu gani."

Sai a lokacin Kailu ya gane irin wautar da ya tafka. Ya kashe safiya guda yana goge shaidarsa da hannunsa. Amma me zai ce? Ya shiga mota ya nufi tsohuwar gonar rogo da ke bayan gida, ya ɗaga hannuwa sama don kowa ya gani, ya hau kunya. Fitila shiru. Ya ja baya ya sake hawa da ƙarfi har kansa ya bugi rufi. Shiru. Rabin ƙauyen ya fito kallo. Ya tsallake kunyoyin gonar kaf, sai wadda ba ta gona ba ce ta kama shi, motar kuwa idanunta a rufe ruf kamar ta Allah. A ransa ya ce, Haske, Allah ya isa tsakanina da iya aikinka.

Ya dawo ya tsayar da ita a ƙofar gida. Tanne ta miƙe da sandarta, ta zagaya motar, ta sunkuya ta shinshina goshinta. Kailu, mutumin da sahun gaba bai taɓa wuce shi a masallaci ba, ya sami kansa yana fata tsohuwar ta ce iska ce. Da ya karɓa hannu biyu.

"Ɗanjimma, gaya wa baƙonka babu kowa cikin ƙarfen nan," in ji Tanne. "Na san masu ido ɗaya, na san iyayensu. Ba su hawa abin da ke warin fetur."

Shi ke nan, har iskoki sun zare hannunsu. Kailu ya koma ya durƙusa, gumi na bin wuyansa.

Asabe ta ajiye faifan wake.

"Yaya, ku daina wahalar da shi. Ɓera ne. Ni na san ɓeran, a buhun gyaɗata yake sata, na sha ganin shi yana shiga ƙarƙashin motar."

Ɗanjimma ya juyo baki buɗe. "To mi ya kawo ki gida?"

Ta shiga murza bakin zanenta. Da ta yi magana, ba yayanta ta kalla ba.

"Malam, da matan nan ke dariya a gidan suna, wata ta ce mini, ke dai kin san daɗin abin, tunda da irin shi ya sace ki. Na yi dariya tare da su. Ina hanyar gida ina ta tunani, yaushe? Ka ciyar da ni, ka tufatar da ni, ba ka taɓa zagina ba, ban ce ba. Amma tun da aka kai ni ɗakinka, ko sau ɗaya ba ka taɓa kallona ka yi mini wani abin wauta ba. In ka shigo, ina tuwo. In za ka fita, a rufe ƙofa. Motar nan kana shafa ta kana yi mata magana. Ga shi har ita ta san a yi wa mace abin da za ta ƙara kwalli. Abin ya ci mini rai, shi ke nan."

Kailu ya duba maganar ta kowane gefe bai sami inda zai musa ba. Shi ba mutumin magana ba ne, kuma ko da ya iya, a gaban suruka?

Sai ya miƙe. Ya shiga motar, ya juya ta a hankali har goshinta ya fuskanci bakin ɗakin da Asabe ke zaune. Ya fito ya buɗe murfin injin, ya zare fis ya ajiye a kan taya, ya kama ɗan baƙin marfin nan ya fara murɗawa.

Fitilar dama ta fara ɗagowa. Wayyo, nawa. Sai da kaza ta ratsa tsakar gida ta dawo kafin idon ya buɗe rabi. Kailu na murɗi, gumi na ɗiga daga haɓarsa, mutanen ƙauye sun yi cirko-cirko a bakin darni. Da ta miƙe sosai ta kalli Asabe, sai ya juya hannu ya shiga mayar da ita, a hankali, a hankali, har ta lumshe. Duk ƙasar Kurfai ba a taɓa kashe ido mai tsawon wannan ba.

Tanne ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya wa rumbu. "Ni ban ga komai ba," in ji ta, kafaɗunta na rawa. Ɗanjimma ya kama tarin da ba na mura ba.

Asabe ta sa hannu ta toshe baki. Da ta sauke, ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, fuskar ta ƙi.

"Na Latifa an ce ya fi sauri."

"Nata ɓera ya yi," in ji Kailu, idonsa a ƙasa. "Wannan ni ne."

Ta daɗe tana kallonsa. "Sake, ban gani da kyau ba."

Ya sake kama marfin. Yana kai fitilar sama hannunsa ya gaji, ya jingina da taya don ya huta, fis ɗin ya gangara ya faɗa cikin yashi. Aka duba, aka tona, aka tankaɗe yashin da rariya, ko alamarsa. Kafin a gama nema Asabe ta riga ta fito da ƙunshin kayanta, ta zauna a kujera ta biyu, ta ɗora shi a cinya don babu wurin ajiyewa. Ganin haka Kailu ya manta da fitilar a ɗage, ya shiga ya tayar da mota.

Sun shigo Filinge rana na shirin faɗuwa, mota ido ɗaya a buɗe ɗaya a rufe. Da suka doshi hanyar kasuwa, Kailu ya hango hayaƙin awara da 'yan fadar shayi, ya taka birki.

"Bari in sauka in kwantar da ita, sai mu bi ta baya."

Asabe ta gyara ɗaurin kallabinta, ta sauke gilashin gefenta har ƙasa, ta ɗora gwiwar hannu a kai.

"Bar ta haka, Malam. Bi ta tudun, kuma kada ka yi sauri."